Kududdufin da Kwaɗinsa Suka Ɓace: Damina Uku a Gefen Kaduna

Wurin da abin da ke cikinsa

A wata unguwa da ke gefen garin Kaduna, ta wajen hanyar Zariya, akwai wani kududdufi da ya samo asali daga haƙar ƙasar gini. Tsofaffin unguwar sun ce da ƙasarsa aka yi tubalin gidajen farko na wurin. Tsawonsa taku 60, faɗinsa 35. A watan Satumba ruwan tsakiyarsa yakan kai ƙirjin babban mutum, a Afrilu kuwa sai ya janye ya bar taɓo da ɗan ruwa iya idon sawu. Ba ya haɗe da rafi. Ruwan sama ke cika shi, rana ke shanye shi, shi ya sa tun da aka haƙa shi ba a san shi da kifi ba. Filin na wani dattijo ne mai sayar da hatsi, wanda za mu kira Alhaji kawai. Ta gabas akwai 'yan lambu huɗu da ke jan ruwan da rani. Ta yamma, tsallaken wata hanyar ƙasa, akwai kwari mai ciyawa da ke gangarawa fadama.

Wanda ya fara lura da cewa wani abu ya canza malamin ilimin halittu ne a wata makarantar sakandare da ke kusa. Shekara shida yana kai ɗalibansa bakin ruwan duk watan Yuni, su ɗebo 'ya'yan kwaɗi masu wutsiya su sa a kwalba, su riƙa duba yadda ƙafafu ke fitowa, wutsiya na shanyewa. Kwaɗon da ya fi yawa a wurin ba irin na bakin randa ba ne. Shimfiɗaɗɗe ne, mai santsi kamar an shafe shi da karkashi, idanunsa a bisa kai, kuma yatsu uku na kowace ƙafar baya suna da baƙin farce. Masana na kiran zuriyarsa Xenopus. Ba shi da harshe ko kaɗan, da hannayensa yake tura abinci baki. A gefen jikinsa akwai wasu layuka kamar ɗinkin likita, da su yake jin motsin ruwa, irin yadda kifi ke yi. Kukansa ma a ƙarƙashin ruwa yake yin sa, wani ɗan ƙas-ƙas da mai wucewa ba zai ji ba. Lokacin barbara namijin kan rungumi macen a ƙugu, ba a hammata ba kamar yawancin kwaɗi, kuma wannan na cikin alamomin da suka sa ake lissafa shi a sahun kwaɗin da suka riƙe tsohuwar siffa.

Malam na son gaya wa yara cewa an tono ƙasusuwan dangin wannan kwaɗo a In Beceten, yankin Tawa a Nijar, cikin duwatsun da masana suka ƙiyasta sun haura shekara miliyan 80. Yakan ƙara da cewa wani ɗan'uwansa na kudancin Afirka shi ne ake gwajin ciki da shi a asibitocin Turai daga shekarun 1930 zuwa na 1960: a yi wa macen kwaɗon allurar fitsarin matar da ake gwadawa, in ta zubar da ƙwai washegari, to akwai juna biyu. Nan yara ke fashewa da dariya, nan kuma suke daina jifan kwaɗon.

Abu ɗaya ya kamata a faɗa tun farko. Irin da ke cikin wannan kududdufi ba ya cikin jerin waɗanda ke gab da ƙarewa a duniya. Ana samunsa a faɗin yankin sabana. Abin da ya faru ɓacewa ce daga wuri ɗaya.

Daminar farko, Yuni zuwa Agusta: rariya ta fito wayam

Yadda Malam ke aunawa ba shi da wuya. Rariya ce ɗaure a gora, a ɗiba sau goma a wurare huɗu da ba a canzawa. A shekarun baya ɗiba biyu kan wadatar da aji guda. A Yunin wannan shekarar ɗiba goma ta ba da 'ya'ya uku. A Yuli ba a samu ko ɗaya ba. Ya koma da tocila bayan sallar isha'i don ƙirga manyan da ke leƙo da kai shaƙar iska, ya samu 11, a wurin da a da ba ya ma wahalar da kansa da ƙirgawa.

Babu wanda ya damu a unguwar, domin dare bai yi shiru ba. Kwaɗin tudu na nan suna ta kwarmato, kuma baƙaƙen 'ya'yansu na nan birjik a bakin ruwan. Malam ya rubuta wannan a littafinsa, ya wuce.

Ya san ɗan Alhaji ya zuba tarwaɗa a ruwan tun shekarar da ta gabata. Bai ɗauki abin da muhimmanci ba. A ganinsa kifi da kwaɗo ai tare suke zama a kogin Kaduna tun fil azal.

Satumba: zargin cuta

Abin da ya fara zo masa a rai cutar fata ce da ya karanta labarinta, wadda wani nau'in funfuna da ake kira kitirid ke haddasawa. An gano ta a 1998, kuma wani babban bincike da aka wallafa a 2019 ya danganta ta da raguwar nau'o'i 501 na kwaɗi da danginsu, 90 daga ciki ana jin sun ƙare. Ita ake zargi da babban kaso na durƙushewar wani tsohon kwaɗo na ƙasar Niyu Zilan a ƙarshen shekarun 1990, ɗan ƙaramin da ba ya kuka, wanda uban ke goya 'ya'yansa a baya.

Ya ɗauki hotuna ya aika wa wani tsohon abokin karatunsa da ke koyar da ilimin dabbobi a jami'a. Amsar ta zo a taƙaice. Funfunar ta fi jin daɗi a sanyi, tsakanin digiri 17 zuwa 25, kuma ba ta jure zafin da ya kai 30 na tsawon lokaci, ruwan kududdufin Kaduna kuwa a Maris da Afrilu ai kamar an dafa shi. Bayan haka zuriyar Xenopus an san ta da ɗaukar cutar ba tare da ta kwantar da ita ba. Sai ya yi masa tambaya ɗaya: ka ga gawa? Malam bai ga ko ɗaya ba. Kwaɗin ba mutuwa suke yi a ido ba, ɓacewa suke yi.

Oktoba zuwa Janairu: tankin siminti

Da maganar cuta ta faɗi, sai Malam ya yanke shawarar ceton waɗanda suka rage. A bayan ɗakin gwaje-gwajen makarantar akwai tankin siminti da magina suka bari, mita biyu a mita ɗaya. Cikin mako biyu shi da ɗalibai suka kama manyan kwaɗi 14 da ƙaramar koma, suka zuba a ciki.

Da ruwan famfo aka cika tankin, rana ɗaya kafin a kawo su. A kwana na uku biyar suka mutu. Kwaɗo na shan ruwa ta fatarsa, kuma sinadarin kulorin da ake sa wa ruwan famfo don kashe ƙwayoyin cuta yana ƙona wannan fata. Aka zubar, aka kawo ruwan rijiya. Tankin ba shi da murfi, ruwan kuma ya kusa baki, sai uku suka fice da dare. An tsinci biyu a bushe ƙamas a gindin katanga, domin hunturu ya riga ya fara. Hutun Disamba ya zo, aka bar wa maigadi amana. Shi kuwa da zuciya ɗaya ya riƙa zuba musu ragowar tuwo, abin da ba sa ci, har ruwan ya ruɓe. Da aka dawo a Janairu biyu ne ke da rai. Aka mayar da su inda aka ɗauko su.

Disamba zuwa Fabrairu: wankin injin feshi

A wannan tsakanin ne Malam ya ga ɗaya daga cikin 'yan lambun yana ɗauraye injin feshinsa a bakin ruwan, farin kumfa na yawo. Ya ce lallai ruwa ba ya tsami banza, ga dalilin. Bai tunkare su kai tsaye ba, sanin cewa malamin boko da ya zo hana manomi abin da ya saba sai ya sha kallo. Ya bi ta wurin mai unguwa.

"Ranka ya daɗe, ba hana su ruwa nake so a yi ba," in ji shi. "Wurin wankin kawai za a matsar."

Babban cikin 'yan lambun ya amsa da cewa, "Malam, mu ma da ruwan nan muke shayar da latas ɗin da 'ya'yanmu ke ci. Nuna mana inda za mu wanke, sai mu wanke."

Ɗalibai suka haƙa rami taku 20 daga bakin ruwa, ta gefen da ba ya gangarowa. Aka amince a riƙa ɗibar ruwa a bokiti a je can. Uku daga cikin huɗun sun riƙe alkawari, na huɗun sai in an gan shi. Kumfa ya daina bayyana. Malam ya shiga damina ta biyu da kyakkyawan zato.

Damina ta biyu: abin da aka samu a cikin tarwaɗa

Yuni ya zo, ɗiba goma, babu ko ɗa ɗaya. Ƙirgar dare ta sauko zuwa huɗu.

A tsakiyar Yuli wata ɗaliba ta zo makaranta da wani abu ƙunshe a leda. Mahaifiyarta ta sayi tarwaɗa a hannun ɗan Alhaji, ita kuma aka sa ta gyarawa. A cikin tumbin kifin ta ga ƙafar kwaɗo da baƙin farcenta uku, ta gane ta. Malam ya sayi tarwaɗa uku da kuɗinsa, aka farke su a gaban aji. Biyu na ɗauke da ragowar ƙananan kwaɗi.

Sai a lokacin ya zauna da ɗan Alhaji ya ji tarihin kifin. Ashe sau biyu ya zuba. Karon farko ƙanana ya sayo, waɗanda ba su kai ɗan yatsa ba, kuma cikin makonni suka ƙare. Kwaɗin ne suka cinye su, abin da masu ƙyanƙyasar kifi suka daɗe da sanin wannan kwaɗo da shi. Karo na biyu ya sayo guda 500 waɗanda suka tasa, sun fi ƙarfin bakin kwaɗo. Daga nan reshe ya juye da mujiya. Tarwaɗa ba ta zaɓen abinci, ga shi yaron ba kullum yake da kuɗin abincin kifi ba, sai ya bar su su nemi na kansu.

Abokin Malam na jami'a, da ya ji, ya ba shi labarin tafkin Oku. Tafki ne a bakin tsohon dutse mai aman wuta a arewa maso yammacin Kamaru, a tudun da ya kai kimanin mita 2,200. A cikinsa kaɗai, duk duniya, ake samun wani ƙaramin ɗan'uwan wannan kwaɗo mai suna Xenopus longipes, wanda aka bayyana a 1991. Bai kai santimita huɗu ba, yana da jerin ƙwayoyin gado ninki 12 inda ɗan Adam ke da biyu, kuma yana matakin ƙarshe na haɗari a jerin ƙungiyar kare halittu ta duniya. A 2006 aka fara ganin marasa lafiya da matattu a tafkin, kuma sai a 2014 gidan namun daji na Landan ya yi nasarar sa shi ya hayayyafa a hannu. Tafkin ba shi da kifi, kuma ɗaya daga cikin manyan abubuwan da masu kula da shi ke tsoro shi ne wani ya zo da bokitin kifi ya juye. Abokin ya kuma ambaci tsaunukan Kalifoniya a Amurka, inda aka zuba kifi a tafkunan da ba su da shi, kwaɗin wurin suka ragu, da aka kwashe kifin da raga suka farfaɗo.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya taɓa kallon 'ya'yan wannan kwaɗo. Ba sa ɓuya a ƙasa ko cikin ciyawa. A tsakiyar ruwa suke rataye garke guda, kai ƙasa, bakin wutsiya na kaɗawa, suna tace ƙananan halittun ruwa. A ruwan da ba kifi wannan dabara ce. A ruwan da tarwaɗa 500 ke yawo, akushi ne a buɗe. A kogi akwai lunguna da ciyayi da faɗin wuri. A rami mai taku 60 babu inda za a gudu.

Agusta zuwa Nuwamba: Alhaji

Zaman farko da Alhaji bai haifar da komai ba.

"Malam, yaron nan da ƙyar na samo masa abin yi," in ji shi. "Yanzu ka zo ka ce in rushe saboda kwaɗo? Kwaɗon da ya cinye masa jarin farko?"

"Baba, gaskiyarka ce," Malam ya ce, ya yi sallama.

Abin da ya sauya magana ba Malam ba ne. A ƙarshen Agusta aka kwana ana ruwa, kududdufin ya tumbatsa. Tarwaɗa na da wata gaɓa a bayan kai da take shaƙar iska da ita, kuma tana iya jan ciki a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Gari ya waye yaran unguwa na tsintar kifi a kan hanya. Ga kuma masu jefa ƙugiya da dare, waɗanda babu mai iya tsare musu ramin da ba shi da shinge. Da aka zo kwasa, abin da yaron ya samu bai kai rabin abin da ya zuba ba.

A Nuwamba Alhaji da kansa ya aika a kira Malam. Aka tsaya a kan cewa kiwon zai koma tankunan tamfol biyu a cikin gida, inda ido ke kai, kuma Malam zai taimaka wa yaron da lissafin abinci da canjin ruwa. Alhaji ya kafa sharuɗɗa biyu: 'yan lambu su ci gaba da jan ruwansu, kuma kada a kawo masa kowace hukuma a kan filinsa da sunan kwaɗo.

Janairu zuwa Afrilu: fitar da kifin

An ɗauko masunta biyu suka ja taru sau biyu a Janairu. Sun fitar da kifi da dama, aka ce an gama. A Fabrairu ɗalibai suka ga baki na ɓullowa yana haɗiyar iska. Tarwaɗa kan nutse cikin taɓo, taru ya bi ta kanta.

Wani ya kawo shawarar a zuba maganin ƙwari a huta. Malam ya ƙi, 'yan lambu ma suka ƙi, kowa da dalilinsa. Aka koma ga abin da kududdufin bai saba yi da kansa ba, wato bushewa ƙaf. Daga tsakiyar Maris 'yan lambun suka haɗa injinansu na ban ruwa suka ja sauran ruwan zuwa fangalinsu, abin da dama suke so. A makon farko na Afrilu sai taɓo. Samari suka shiga da hannu suka zaƙulo tarwaɗa 23. An ci karo da kwaɗi huɗu a cikin taɓon, aka binne su a gefen da ke da inuwa, aka rufe da ciyawa. Wannan kwaɗo kan iya kwanciya cikin laka na watanni yana jiran ruwa. Tarwaɗa ba gaiwa ba ce, laka mai danshi take jurewa, ba busasshiya ba. Aka bar ƙasan ramin ya tsattsage mako uku kafin ruwan farko ya sauka.

Damina ta uku

A farkon Yuni, daren da aka yi ruwa mai ƙarfi, wani ɗalibi da gidansu ke bakin hanyar ƙasar ya kira Malam a waya. Kwaɗi ne ke tsallakowa daga kwarin yamma, suna jan jiki da ƙyar kamar yadda suke yi a tudu, suna faɗawa kududdufin. Ya ƙirga 17 kafin batirin tocilarsa ya mutu.

Bayan mako uku ɗiba goma ta ba da 'ya'ya 46. Ɗan Alhaji, da ya leƙa kwalbar, ya ce aikin banza aka yi, ga 'ya'yan tarwaɗa nan da gashin bakinsu. Lallai suna da dogon gashin baki guda biyu, kuma ba shi ne na farko da suka ruɗa ba. Malam ya ɗaga kwalbar a rana ya nuna masa: jiki garau har ana ganin zuciya na bugawa, kai a ƙasa, ga 'yan ƙafafun baya sun fara tsirowa. A Agusta aka fara ganin ƙananan kwaɗi masu girman farcen babban yatsa. Ƙirgar dare a Oktoba ta kai 31. Bai kai yadda wurin yake a da ba.

Hukunci

Shekara guda cur aka ɓata, kuma ba don rashin alama ba. Tun Yunin farko amsar na cikin littafin Malam, a layin da ya rubuta cewa baƙaƙen 'ya'yan kwaɗin tudu na nan lafiya. Da guba ce ke kisa da ba ta bar su ba. Kifaye da yawa kan ƙi su saboda ɗacin fatarsu, don haka abin da ke ɗauke wani iri ya bar wani mai baki ne, mai zaɓe. Rashin gawa ma ya nuna hakan. Malam ya tsallake bayanin da ke gabansa ya tafi neman wanda ya karanta a littafi, kuma ina jin da yawanmu da muka yi boko haka za mu yi.

Tankin siminti shi ne kuskure mafi tsada, gyaran gangar Auzinawa. An cire iyaye 14 daga ruwan da iyaye suka yi ƙaranci, aka mayar da biyu. In gidan namun daji mai ƙwararru ya sha wahala kafin ya raya ɗan'uwansa na Oku, tankin magina da ragowar tuwo ba za su yi ba. Matsar da wankin injin feshi kuwa abu ne mai kyau, kuma yana iya zama ya taimaki 'ya'yan da aka ƙyanƙyashe a damina ta uku, amma ba shi ne ciwon ba, shi ya sa bai kawo sauƙi ba.

Busar da ramin ya yi aiki ne saboda ya bi ta inda kwaɗon ya fi kifin ƙarfi. Yarjejeniya da Alhaji ta tsaya ne saboda asarar ɗansa ta zo daidai da bukatar Malam, kuma Malam ya yi hikimar yin shiru a zaman farko maimakon ja-in-ja da dattijo a kan filinsa. Sai dai kwaɗi huɗun da aka binne ba su ne suka cika ruwan ba. Waɗanda suka tsallako daga kwarin yamma ne, kwarin da babu wanda ya sa shi a lissafi tun farko har ƙarshe.

A Nuwamban da ya biyo baya masu awon filaye suka zo suka kafa duwatsun iyaka a kwarin, an yanka shi fuloti takwas. Ba na Alhaji ba ne. Malam ya fara kai ɗalibai can da rariya, ɗiba goma a wurare huɗu, kafin magina su iso.